Ranar da Mai Zuba Shayi Ta Yi Magana

Ka gan ta, kada ma ka fara rantse-rantse. Ka je dubiya gidan wani, aka shimfiɗa maka, wata ta shigo da butar shayi, hannun hagu a ƙirji, ta miƙo maka da dama, ta fita da baya-baya. Ka sha, ka yi wa mara lafiya addu'a, ka juya ka tambayi tsohon gidan yaya jikin. Ita da ke wanke wa mara lafiyar kaya, ita da ta san abin da ya ci da abin da ya kasa haɗiya, ko sunanta ba ka tambaya ba. Kelin ce ai, matar ɗa. Idonka ya bi ta kanta ya wuce kamar yadda yake wuce ƙyaure. To gyara zama ka ji abin da wannan kau da kai ya kusa jawo wa gidan Usta Tursunboy, maɗinkin huffi a tsohon garin Kokand.

Shekarar Munisa bakwai a gidan. Kullum kafin rana ta fito ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta rusuna ta gaida surukanta, ta ɗora shayi. A shekara bakwai ɗin nan, maganar da ta taɓa yi a gaban Usta ba ta wuce "to, Dadajon" da "ga shi, Dadajon" ba, wato Baba. Kuma ba mugu ba ne. In ya je kasuwa yakan sayo rumman, ya miƙa wa matarsa ya ce a ba kelin. Haka ya taras ana yi, haka yake yi.

Mijinta Davron shi ne autan maza, wanda zai zauna da iyaye ya gaji sana'a. Ya yi shekara biyu yana aikin gini a Rasha, sannan ya dawo ya zauna gefen mahaifinsa yana ɗinki. Tun dawowarsa bakinsa bai huta ba. Wasu ƙananan gyambuna farare suke fito masa a harshe da cikin leɓe, su warke, su dawo. Mahaifiyarsa, Hosiyat, ba ta ga abin tambaya ba.

"Zafi ne," in ji ta. "Jininka mai zafi ne, irin na dangin ubanka. Kelin, daga yau ba zuma, ba ƙwai, ba naman doki. Nono da kankana za ki riƙa ba shi."

Sai kuma hannunsa. Duk inda basilla ta soke shi, kwana biyu wurin ya tashi ya yi ƙurji.

"Shekara hamsin basilla tana cina," in ji Usta, yana buɗa tafinsa mai kaurin fatar da yake yanka. "Ko ƙaiƙayi ban taɓa ji ba. Kai kuwa hannun akawu gare ka. Uwarka ce ta ɓata ka da man shanu."

"To ku nema mini ofis mana, Dada," in ji Davron, suka yi dariya.

Akwai na uku, wanda Munisa kaɗai ta sani. Irin gyambon nan na baki yakan fito masa a inda namiji ba ya nuna wa kowa. Ranar da ta fara gani, ya riƙe hannunta gam.

"Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba. Kin san abin da za a ce. Mutum ya dawo daga Rasha da irin wannan? Wallahi, Munisa, ban taɓa kusantar wata ba."

Ta ce ta yarda, ta kuma rantse. Amma wani abu ya zauna mata a ƙasan rai kamar tsakuwa a takalmi. Da shi take tafiya, da shi take dafa masa abinci, da shi take goyon 'yarsu Lola, har shekara huɗu.

Da kakar da ta wuce zazzaɓi ya kama Davron ya ƙi sakinsa. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Wata rana ya hau tsani zai yanko inabi, a mataki na biyar numfashi ya gagare shi, ya sauko yana haki kamar wanda aka koro. A asibitin gari aka ɗora masa na'urar da ke haska zuciya. Likitan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Davron ya je ya sa riga, ya kira Usta ciki ya rufe ƙofa.

Munisa a ɗakin girki ta ji, daga bakin Hosiyat mai kuka. Ƙari ne a cikin zuciya, ɓangaren dama, girman ƙwan tantabara. Sai an je Tashkent an tsaga ƙirji an cire.

"Kada ya ji," in ji Hosiyat tana share ido da gefen ɗankwali. "Babansa ya ce masa wata 'yar jijiya ce za a gyara. Mutum in ya ji sunan cutarsa, sunan ne ke kashe shi. Kin ji ko, kelin?"

"Na ji, Oyijon," in ji Munisa, wato Mama.

Ga ta nan da asiri biyu. Ɗaya na miji tana ɓoye wa iyayensa, ɗaya na iyaye tana ɓoye wa miji. Kuma duk unguwar za ta ce wannan ita ce tarbiyya.

Da ita aka tafi Tashkent, domin dole wani ya riƙa dafa romo yana wanke kaya. Babban likitan tiyata dattijo ne mai furfura, mai sanyin murya. Ya kira su ofis, Davron da Usta suka shiga, Munisa ta zauna a benci da fulas ɗin shayi a cinya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba.

"Akwai wata cuta da kuka san yana da ita?" ta ji likitan ya tambaya.

"Babu, likita," in ji Usta. "Ɗan zafin jini ne kawai, irin na kowa."

Aka sa ranar Alhamis da safe.

Ran Laraba da hantsi suna ɗakin jinya mai gado biyu, Davron a ɗaya, wani tsoho mai yawan magana a ɗaya. Munisa tana durƙushe tana haɗa shayi sai ta ga takalma sun shigo, baƙaƙe marasa dunduniya, na hagu ya ci gefe. Da ta ɗaga kai kaɗan sai ta ga gajeriyar mace, ba za ta girme ta da yawa ba. Ta ce sunanta Dakta Shahodat, an turo ta ta sake haska zuciyar kafin gobe. Ta kama hannun Davron za ta gyara masa kwanciya, sai ta tsaya.

"Wannan ƙurjin fa?"

"Allurar shekaranjiya ce," in ji Davron.

"Wannan kuma?"

"Inda aka ɗebi jini ran Litinin."

"Haka fatarsa take, 'yata," in ji Usta. "Ko basilla ta taɓa shi sai ya tashi. Hannun akawu."

"Kowane lokaci?"

"Kowane lokaci."

Ta kunna fitilar wayarta ta ce ya buɗe baki. Uku ta ƙirga.

"Zafi ne," in ji Usta. "Mun ma hana shi zuma."

"Usta, da zuma na yin haka, da masu kiwon ta sun ƙare." Ta kashe fitilar, ta dubi mara lafiyar, ta kira shi da aka, wato yaya. "Davron-aka, irin wannan yana fito maka a wani wuri? A ƙasa nake nufi."

Tsohon ɗaya gadon, wanda tun safe bai rufe baki ba, ya juya ya fuskanci bango. Kunnuwan Davron suka yi ja.

"A'a," ya ce.

"Haba 'yata," in ji Usta, murya ƙasa-ƙasa. "Ke ma kina da uba. Wannan tambaya ce da za a yi wa mutum a gaban mahaifinsa?"

"Tambayar aiki ce, Usta." Ta ɗan jira. "Davron-aka?"

"A'a."

Munisa ba ta san shayin ya cika kofin ba sai da ya zubo mata a yatsu, ita da ba ta taɓa zuba wa surukinta fiye da rabi ba, domin a can cika wa mutum kofi rashin ladabi ne. Likitar ta gama haskawa ta fita. Munisa ta tattara kofuna kamar za ta ɗauraye, ta bi takalman nan har bakin matakala.

"Opa," ta ce, kamar yadda ake kiran babbar 'yar'uwa. "Don Allah, Opa. Da a ce amsar e ce, me zai canza?"

Dakta Shahodat ta juyo ta dube ta sosai. "Ke ce matarsa?"

"Ni ce."

"Akwai wata cuta da jikin mutum ke juyowa yana yaƙar hanyoyin jininsa. Tana nunawa a baki, a ƙasa, da a fata in an soke ta. Wani lokaci takan sa jini ya daskare ya manne a bangon zuciya. A na'urata, gudan jinin nan da ƙari kamanninsu ɗaya, ko uwarsu ba za ta raba su ba. In ƙari ne, wuƙa ce maganinsa. In gudan jinin wannan cutar ne, an cire yau yana iya dawowa, kuma hanyar jini mai kumburi ba ta riƙe ɗinki. Magani ake fara bayarwa." Ta nisa. "Amma ba zan je in tsayar da aikin babban likita da gyambon baki kawai ba. Rabin ƙasar nan suna da gyambon baki."

Munisa ta ƙara riƙe kofunan. Tambayar da ta shekara huɗu tana ɓoyewa ta fito. "Daga mace ake ɗauka?"

"Ba a ɗauka, ba a ba wani. Shekara nawa kuke ɗaki ɗaya? Ke ya taɓa fito miki?"

"A'a."

"To kin gani."

Munisa ta jingina da bango. Sai yanzu da tsakuwar ta fita ta san yadda ta daɗe tana ɗingishi.

"Na rantse masa, Opa."

"To ba daga bakinki zan ji ba. Dama sai ya yarda zan duba shi. Ina ɗaki na shida har ƙarfe biyu."

Ta koma. Usta yana kan kujerarsa yana jan carbi. Ta tsaya a tsaye, ba ta durƙusa ba.

"Dadajon, ina roƙonku ku ɗan ba mu wuri. Ina da magana da ɗanku."

Carbin ya tsaya. Usta ya dube ta kamar butar shayi ce ta yi magana. Tsohon ɗaya gadon ya yunƙura ya zuro ƙafa yana laluben silifas.

"Usta, taso ka raka ni in sha iska," ya ce. "Ni surukai mata huɗu gare ni. Ranar da ɗaya ta buɗe baki, namiji mai hankali waje yake nema."

Usta ya tashi a hankali ya bi shi.

Munisa ta zauna a bakin gado. "Baban Lola, ba jijiya za a gyara ba. Ƙari aka ce. Gobe ƙirjinka za su tsaga."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Takardar tana rataye a gindin gado, kina tsammanin ban iya karatu ba? Na yi shiru ne don hankalin Dada ya kwanta."

Ta kusa dariya, ta kusa kuka. Kowa a gidan yana gadin kowa, mutum kuwa yana tafiya wajen wuƙa. Ta faɗa masa duk abin da likitar ta ce, ba ta rage ba.

"Kin faɗa mata?" Muryarsa ta yi kauri. "Kin rantse, Munisa."

"Rantsuwata tana nan, ban karya ba. Amma ka ji da kyau. In ƙarfe ɗaya ta yi ba ka kira ta ba, ni zan je in faɗa, in yi azumin kaffara. Azumi uku ya fi mini takaba sauƙi."

Ya juya kai gefe. "Dada zai ce Rasha."

"Ni ma na ce Rasha." Ta dube shi. "Shekara huɗu ina cewa a raina. Na ce maka na yarda, ban yarda ba. Ka yafe mini."

Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗakin. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

"Shi ya sa romonki ya rage gishiri," ya ce.

"Oyijon ce ta ce gishiri ma zafi ne."

"Je ki kira ta."

Dakta Shahodat ta zo, ta ja labule, ta duba, ta ga sabo ɗaya da tabon tsofaffi. Daga nan kai tsaye ta wuce ofishin babban likita. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, domin akwai manyan da za su ce yarinya ba za ta koya musu aiki ba. Shi kuwa ya taso da kansa, ya dubi hannun, ya dubi bakin, ya ɗage aikin, ya sa a yi wani hoton na daban, wanda ake fara zuba wa mutum wani ruwa a jijiya. Ƙari nama ne mai rai, yana shan ruwan ya haska. Gudan jini ba ya sha.

Ran Juma'a aka kira su. Munisa ta nufi bencinta, sai babban likitan ya leƙo.

"Ina matar? A shigo da ita. A ba ta kujera."

Ta zauna a gefen kujerar kamar mai tsoron ta karye. Abin da ke zuciyar Davron bai sha ruwan ba. Gudan jini ne. Likitan ya faɗi sunan cutar, Behchet, ya lissafa alamunta duka uku, har da wadda ba a faɗa. Usta ya sunkuyar da kai.

"Daga can ya kwaso?" ya tambaya.

"Ba Rasha ba ce, Usta, ba kuma zuma ba," in ji Dakta Shahodat. "Ɗanku bai yi komai ba."

"Usta," in ji babban likitan, "in aka kawo maka fatar da ta jiƙe ta fara ruɓa, za ka ɗinka huffi da ita?"

"Allah ya kiyaye. Zaren zai yanke ta."

"To jiya da safe abin da na tashi yi ke nan. Na tambayi kowa, ban tambayi wadda ta sani ba."

Ba a yini ɗaya aka warke ba. An ba shi magungunan kwantar da kumburi, fuskarsa ta cika har Lola ta ce babanta ya zama wata ɗan daren sha huɗu. Duk wata suna haye dutse zuwa Tashkent a haska. A zuwa na farko ƙwan tantabara ya koma ƙwallon dabino. A na uku ya koma ƙwayar shinkafa. Da itatuwan tsakar gida suka fara fure, Dakta Shahodat ta juya na'urar ta ko'ina, ta ce wa Munisa ta matso ta gani da idonta. Babu komai sai zuciya tana aikinta. Cutar tana nan, za a ci gaba da shan magani, a riƙa duba idonsa, amma ƙirjin Davron ko tabo babu. Munisa ta kama hannun likitar da hannu biyu. Duk godiyar da ta tsara a mota ta gudu.

"Sake ni, ƙanwata, akwai layi," in ji Dakta Shahodat, tana murmushi. "Ke kika yi aikin. Ni tambaya kawai na yi."

Bayan kwana biyu da dawowarsu, da la'asar, suna zaune a tsakar gida. Davron yana ɗinki a inuwa da safar hannu ta fata, wadda mahaifinsa ya ɗinka masa ba tare da ya ƙara ambaton akawu ba. Munisa ta kawo shayi ta durƙusa. Usta ya baje wata baƙar fatar akuya mai laushi a gwiwarsa, wadda ya shekara uku yana ajiya.

"Huffi zan yi wa yarinyar nan likita," ya ce wa matarsa. "Amma ban san ƙafarta ba. Ba zan je in ce 'yar mutane ta miƙo ƙafa in auna ba."

"Talatin da shida, Dadajon," in ji Munisa. "Siririya ce. Ta hagu tana cin gefen waje, a ɗan ƙara mata kauri a nan."

Usta ya ɗago. "Yaya aka yi kika sani?"

"Mai kallon ƙasa ai takalma take gani."

Davron ya tsaya da ɗinki. Usta ya shafa fatar da babban yatsa. Can ya miƙa hannu ya ɗauki butar daga gabanta. Ya zuba kaɗan a kofi, yadda ake zuba wa baƙon da ake so ya daɗe, ya ɗora hagu a ƙirji, ya miƙa mata da dama.

"Tsoho!" in ji Hosiyat. "Ƙofa a buɗe take, mutane za su gani."

"Su gani. Karɓi, Munisa, 'yata."

Karo na farko ke nan da ta ji sunanta a bakinsa. Ta karɓa ta sha. Shayin ya yi ƙarfi, domin Usta bai iya haɗawa ba kuma bai jira ya tsumu daidai ba, amma ta shanye har ganyen.

Gidan Usta sun yi sa'a, an turo musu likitar da ta ga ƙurji ta tsaya. Kai ba ka da tabbacin za a turo maka irinta. Saboda haka ranar da za ka kai ɗanka, ko ƙaninka, ko mahaifinka gaban likita, kada ka bar ta a benci da fulas. Kira ta da sunanta, shigo da ita, ja mata kujera. In likita ya yi tambayar da ta ba ka kunya, kada ka amsa a madadin kowa. Tashi ka fita, ka ja musu ƙofa.